Layin Iska a Iquitos

Tun asubahin Talata nake nan,
ni da koriyar tukunyar ƙarfe
wadda ta kai ni tsawo, ta fi ni nauyi,
alhali ba komai a cikinta.
Da alli aka rubuta mata sunan mahaifina:
Eusebio Tapullima, lamba ɗari da sha huɗu.
Ruwan sama ya wanke huɗun, na sake rubutawa.

A aji uku malama Zoila ta ce mana
dajin nan da ya kewaye mu shi ne huhun duniya.
Muka haddace, muka ci jarrabawa.
Yau ga mu a tsakiyar huhun
muna bin layin iska.

Garinmu ba titin da ya zo masa daga nesa,
sai kogi, sai sama.
Abin da jirgi bai kawo ba, babu shi.
Ran Lahadi cikon tukunya sol ɗari biyu,
ran Litinin ɗari biyar,
ɗazu wani mai hular kwano ya raɗa mini dubu da ɗari biyu
in zan bi shi ta ƙofar baya.
Na sayar da injin kwalekwale.
Na sayar da firji, har da kifin da ke ciki.
Saura zoben Mama, shi kuma ya ƙi fita daga yatsa.

Rediyon mai gadi bai huta ba.
Daga babban birni wani na cewa a ƙayyade farashi,
wani na cewa in an ƙayyade, kaya za su shige ƙarƙashin gado,
na uku ya ce laifin wata tsohuwar doka ce
da ta bar rijiya a hannun masu guga biyu.
Dukansu numfashi ya ishe su,
jimla doguwa, ba haki, ba tari.
Na duba agogo, ɗaya ya yi minti huɗu bai tsaya ba.
Baba ba ya iya gama sunana.
Né, yake cewa. Né.
Lida ɗin ni nake ƙarasa masa.

Mutumin da ke gabana, Wilder, mai keke ƙafa uku,
kwana biyu yana jingine da tasa tukunyar,
yana yi mata inuwa da rigarsa.
Da rana ta take wayarsa ta yi ƙara.
Ya ce to. Ya sake cewa to.
Ya tofa yawu a tafin hannu,
ya goge sunan matarsa harafi-harafi,
ya juyo ya ce, matso, 'yata, hau lambata.
Na matsa. Allah ya gani, na matsa,
har wani abu a ƙirjina ya yi murna
kafin kunya ta iso.
Haka layin nan yake raguwa,
ba duka injin ke rage shi ba.

Baba fa mutum ne da yake nutso a Itaya
ya kwance komar da ta sarƙe a saiwa,
mu muna gaɓa muna ƙirga, sittin, saba'in, tamanin,
Mama ta fara kiran waliyyai,
sai ya ɓullo can nesa yana dariya,
ya buɗe baki ya ɗebi iska iya son ransa.
Bai taɓa tambayar nawa ba.

Da faɗuwar rana aka cika mini.
Wuyan tukunyar ya yi sanyi, yana gumi kamar randa.
Wilder ne ya kai ni Belén, a hankali, yana kauce wa ramuka,
na miƙa kuɗi, ya kalli wani wajen.

Awa goma sha takwas za ta yi,
in mun rage mata baki, in Baba bai firgita ba.
Ƙanena Rusbel ya riga ya saɓi ta aro
zai je ya kama layin gobe.
Na bi shi har bakin gada da gudu.
Ya manta allin.